Maɓallin Burodi

Takardar kuɗin wuta ce ta jawo komai. Ranar da ta iso gidan burodin Lambros, can layin bayan kasuwar garin Seres, Fotini ta karanta ta sau uku a tsaye, sannan ta jawo kujera. Yuro dubu biyu da ɗari huɗu. Bara warhaka ko rabin haka ba su biya ba, alhali tandar ita ce dai tandar, burodin da ake gasawa ma ko ɗaya bai ƙaru ba.

Fotini ita kaɗai ce 'yar Lambros. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin ofis a birnin Salonika, sai da mahaifiyarta ta rasu sannan ta tattaro komatsanta ta dawo don ta kama wa tsohon. Abin da ta tarar ya kusa haukata ta. Lissafin shagon rabi yana cikin kan Baba, rabi a bayan wata tsohuwar kalanda. In ta tambaye shi ko ana samun riba, sai ya jawo aljihun kantar shagon ya nuna mata kuɗi, ya ce, “Ga shi kina gani.” Ita kuwa mace ce mai son komai a jere, irin waɗanda ko cokula sai sun ware manya da ƙanana. Kullum cikin tsaki take, kuma ni ban ga laifinta ba.

Ta ɗauki takardar wutar ta nufi wurin Zisis, akantan da ke yi musu takardun haraji. Ajinsu ɗaya tun firamare, kuma tun lokacin bakinsa ba ya hutawa.

“Ke da kika zauna a birni, har yanzu da ka kuke kasuwanci?” in ji shi. “Akwai manhajar lissafi, yuro talatin da biyar a wata. Duk abin da aka sayar za ta rubuta da kanta. Duk abin da kuka saya ki shigar mata. Ƙarshen wata ta gaya miki wane kaya ne ke ciyar da ku, wane ne ke cin ku.”

“In ta yi ƙarya fa?”

“Ba ta da dangi a garin nan, ƙaryar me za ta yi? Ni ne dai nake ƙarya, ni ma sai ranar Litinin.”

Cikin satin aka cire tsohuwar na'urar kuɗin da Lambros ya shekara ashirin yana bugawa, mai maɓallai tudu-tudu da yatsunsa suka haddace. Aka kafa wani allo sumul a kan kanta, cike da 'yan akwatuna, kowanne da sunan kaya cikin ƙananan haruffa. Ɗaya ne kawai babba, can sama ta hagu, an rubuta Burodi. Da yake burodi kowanne da nauyinsa, in ka danna wannan sai manyan lambobi su fito, ka buga farashin da kanka. Zisis ya nuna wa tsohon komai cikin minti goma, yana magana yana duba agogo. Lambros ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, “Na gani, na gani.”

“Saura shafin kaya,” Zisis ya ce wa Fotini a bakin ƙofa. “Buhun fulawa nawa, burodi nawa kuke gasawa a rana. Ki cike shi.”

“Zan yi,” in ji ta. Ba ta yi ba, don ranar motar rabon burodi ta ƙi tashi sai da ƙyar.

Ga yadda aikin gidan yake. Ƙarfe shida da rabi Fotini ke loda burodi a mota ta zagaya ƙauyuka biyar tana danna oda, tsofaffi na fitowa da jakunkuna, ba ta dawowa sai wajen ƙarfe ɗaya. Duk safiya Lambros ne a kantar shago. In ta dawo ta karɓe shi har a rufe. A ɗakin baya kuwa, ban da Ilir mai gasa burodi, akwai Garifaliya.

Shekara ashirin da bakwai Garifaliya ta yi tana yi musu bugatsa. Takan ɗauki curin kwaɓi da bai fi lemo ba, ta shafe shi da man shanu, ta yi ta wurga shi sama tana juyawa har ya baje ya rufe tebur, siriri ana hango hannu ta bayansa. Ta ninke shi da cuku ko da madarar sukari, a gasa, a daddatsa, a barbaɗa kirfa. Faranti biyar take yi kowace safiya, kowanne yanka goma, yuro biyu da santi tamanin kowane yanka. Ƙarfe sha ɗaya ta wanke hannu ta tafi gida. Ita ta yi wa Fotini kitson ranar shigarta makaranta, shi ya sa har yau Gwaggo take ce mata.

Manhajar ta shiga ran Fotini nan da nan, kuma da dalili. Duk yamma in ta ƙirga kuɗin aljihun kantar, sai ya zo daidai da abin da allon ya ce, ko sisi babu bambanci. Wata uku cur haka. Abin da ba ya kuskuren sisi, ta yaya za ka ƙi yarda da shi?

Da watan na uku ya cika ta buɗe shafin rahoto. Kowane kaya da layinsa. Na burodi kore ne shar, dogo har ya kusa fita daga allon. Na kofi da biskit 'yan gajeru, amma dai kore. Sai can ƙasa ga wani jan layi, an rubuta bugatsa. Yanka takwas a rana. Wata rana shida. A gefe kuma ga man shanu, ga cuku, ga albashin Garifaliya da kuɗin fanshonta, duk manhajar ta haɗa ta ce bugatsa tana cinye musu kusan yuro dubu biyu a wata.

Fotini ta ji kanta ya yi zafi. Yanka hamsin ake yi, takwas ake sayarwa. Ina arba'in da biyun?

Ta san amsar tun kafin ta tambaya, ko kuma ta ɗauka ta sani. Duk garin nan an san hannun Lambros a sake yake. Marigayiya matarsa ta sha faɗa da shi a kan haka har ta gaji.

“Baba, zo ka ga wani abu.” Ta juya masa allon. “Ina bugatsa take zuwa?”

Ya sunkuya, ya ɗan daɗe, sannan ya miƙe. “Cikin mutane take zuwa. Ina kuma za ta?”

“Da kuɗi ko kyauta?”

“Sayarwa nake yi.”

“Takwas. Ga shi nan a rubuce, takwas! Sauran fa? Limamin coci, da direbobin tasi, da abokan kartarka, ko ba haka ba? Mu muna neman kuɗin wuta, kai kana ciyar da gari!”

“Abin nan naki ƙarya yake yi.”

“To nuna mini inda ya yi ƙaryar. Ga shi gabanka, nuna mini.”

Lambros ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge kantar da ba ta da datti. Wannan shirun ya fi komai ƙona mata rai, don a wurinta amsa laifi ne.

Kwana biyu bayan haka ta dawo daga ƙauye da wuri kaɗan, sai ga Mitsos direban tasi yana fitowa da ƙunshi a hannu, maiƙo ya ɓata takardar, bai ko kalli aljihunsa ba.

“Ka biya?” ta tare shi.

“Haba 'yar Lambros, yau ranar sunana ce, ranar waliyyin da na ci sunansa! Shekara talatin babanki ke ba ni ta wannan ranar. Ko ita ma kwamfuta ta hana?”

Ya tafi yana dariya. Ita ba ta ji maganar ranar suna ba, ƙunshin kawai ta gani. Mutum in ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, shaida ɗaya ta ishe shi, ko da gurguwa ce.

Zisis bai ɓata lokaci ba da ta kai masa rahoton. Ya ce tsohon ba zai canza hali yana da shekara saba'in da ɗaya ba, don haka a cire abin da yake rabawa. Akwai kamfanin da ke kawo bugatsa daskararriya cikin kwali, a jefa a tanda minti ashirin, faranti ɗaya ya ishi masu sayen takwas ɗin nan. Ya buga lambobin a manhajar, jan layin ya koma kore a gabanta.

“Gwaggo fa?” in ji Fotini.

“Gwaggonki ce, ba gwaggon kamfanin wuta ba. Ko ki sallami mutum ɗaya yanzu, ko ku rufe ku huɗu kafin bazara. Zaɓi ya rage naki.”

Sati guda ta yi tana juya maganar. Ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Ta buɗe shafin nan ya fi sau hamsin ko Allah zai sa layin ya canza launi, bai canza ba. Ranar Asabar ta bar motar a lode, ta shiga ɗakin baya da takarda a hannu.

Garifaliya na tsaka da wurga kwaɓi. Ba ta tsaya ba sai da ta shimfiɗa shi, sannan ta goge hannu a gaban rigarta ta karɓi takardar. Ta dubi jan layin, ta dubi Fotini.

“Wannan ni ce?”

“Ba ke ba ce, Gwaggo, bugatsa ce. Ba a sayenta.”

“Ba a sayenta.” Ta maimaita a hankali. “'Yar nan, ni dai ban san kwamfuta ba. Amma ki bar motar nan safiya ɗaya tak, ki tsaya a bakin ƙofa ki gani da idonki.”

“In ga me? In ga Baba yana rabo? In ina tsaye ai ba zai yi ba. Ga ƙauyuka biyar suna jirana, ba ni da safiyar da zan zubar.”

“Shekara biyu ta rage mini in kai fansho.”

“Na sani. Zan biya ki kuɗin sallama cif, ko sisi ba zan rage ba.”

Garifaliya ta leƙa ta ƙofa wajen kanta, inda Lambros ke tsaye ya ba su baya. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, kamar mai jiran ya juyo. Bai juyo ba. Sai ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihu, ta koma kan kwaɓinta, ta gama faranti biyar ɗin nan kamar kullum. Kuɗin sallamar ya cinye duk abin da Fotini ta tara a Salonika.

Wata ɗaya bayan haka Fotini ta buɗe rahoto tana sa ran ta ga sauƙi. Jan layin bugatsa ya tafi kam. Amma koren layin burodi, wanda shagon ke tsaye a kansa, ya karye ya koma ƙasa da rabi. Cinikin wata ya ragu da yuro dubu uku da wani abu.

Nan fa ta shiga haukan neman dalili. Ta ce Ilir ya canza hannu, suka yi kaca-kaca har ya jefar da hula ya ce shi shekara tara gishirinsa bai taɓa canzawa ba. Ta buga wa mai fulawa waya ta wanke shi tas, ta koma sayen wata mai tsada. Ta rage farashin burodi, ta manna takarda a gilashi. Manhajar ta ba da shawarar a rage yawan gashi tunda ciniki ya faɗi, ta rage, sai ga mutane suna zuwa ƙarfe sha biyu babu burodi suna komawa da masifa. Wannan shi ya fi ɗaure mata kai. Katakon burodi wayam kullum, allo kuma yana cewa ba a saye. Daskararriyar bugatsar kuwa tana nan a faranti har yamma, ta yi tauri, ko Mitsos da ya ɗanɗana sau ɗaya bai sake tambaya ba.

Lambros ya daina magana gaba ɗaya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. In ta yi faɗa sai ya ce, “Haka ne,” ya ci gaba da goge kanta.

Ranar Litinin ta faɗa ofishin Zisis ko sallama babu, ta dangwarar da kwamfutarta a kan takardunsa.

“Ga tsiyar da ka sayar mini! Burodi yana ƙarewa, ita tana cewa ba a saye. Ko ka gyara ta, ko in fasa ta a kanka.”

“Sannu da zuwa, ni ma ina lafiya,” in ji shi. Ya jawo ta gabansa. “Burodi nawa kuke gasawa a rana, kafin ki rage?”

“Ɗari biyu da sittin. Ɗari da ashirin na mota, ɗari da arba'in na shago.”

Ya danna wani wuri, ya ɗaga gira. “Shafin kayan da na ce ki cike, fanko ne.”

“Na ce zan yi!”

“Wata huɗu kenan. To bari in cike miki.” Ya buga lambobin. Nan take wani gargaɗi ya fito a saman allon. Zisis ya karanta, dariyar fuskarsa ta ɗauke. “Ta ce a watannin baya kuɗin burodin da shago ya karɓa ya kusa ninka na burodin da aka gasa. Fotini, kun sayar da burodin da ba ku gasa ba.”

“Wace irin magana ce wannan?”

Ya juyo mata da allon. Ya buɗe cinikin wata Talata ta watan biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacinsa. Daga ƙarfe bakwai har ƙarfe ɗaya babu kofi, babu biskit, babu komai, sai Burodi, Burodi, Burodi. Fotini ta matso ta bi farashin da yatsa. Biyu da tamanin. Biyu da tamanin. Biyar da sittin. Biyu da tamanin. Takwas da arba'in.

Babu burodin biyu da tamanin a shagonsu, ba a taɓa yi ba.

Ta ɗauke yatsanta daga allon. Duk abin da aka saya da safe, maɓalli ɗaya Baba yake dannawa, ya buga kuɗin da ka. Shi ya sa aljihun kanta bai taɓa kuskure ba. Yanka takwas ɗin da manhajar ta sani su ne ragowar da ita Fotini ke sayarwa da rana. Sauran arba'in da biyun suna nan lafiya lau cikin koren layin, sanye da sunan burodi. Bugatsar Garifaliya ce ke riƙe da shagon, ita kuma ta ɗauki duk ajiyarta ta biya don a raba ta da ita.

“Ka ce ba ta ƙarya,” ta ce.

“Ba ta yi ba. Abin da aka gaya mata ta faɗa.” Ya sosa ƙeya. “Ni ma da na buɗe shafin nan kafin in buɗe bakina...”

“Rufe shi yanzu, don Allah.”

Ƙarfe biyu ta isa shago, babu kowa sai tsohon. Tun a hanya take shirya faɗan da za ta yi, na ganganci da taurin kai da ƙin koyon abu. Ta ajiye jaka, ta tsaya kusa da shi.

“Baba, danna mini bugatsa.”

“Me za a yi da ita? Ai kin kore ta.”

“Danna dai.”

Ya ɗaga yatsa. Yatsan ya yi ta yawo a saman allon, ya je dama, ya dawo, ya sauka ƙasa, sannan a hankali ya koma can sama ta hagu ya tsaya. Bai danna ba.

“Karanta mini abin da ke rubuce a nan,” ta nuna wani akwati.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. “Hasken nan ne yake...” Bai ƙarasa ba. Ya lalubi kujera ya zauna. Sai a lokacin ta dubi idanunsa da kyau, abin da ta yi wata da watanni ba ta yi ba, ta ga wani fari-fari ya kwanta a tsakiyarsu.

“Shekara biyu kenan,” ya ce. “Kamar ana hura hayaki tsakanina da mutane. Ke ma in kin shigo da takunki nake gane ki. Tsohuwar na'urar yatsuna sun san ta. Wannan kuwa sumul take, babban nan kaɗai nake iya gani, da lambobin. Kuɗi kuma hannuna ya san su. Na ce tunda suna cika, shi kenan.”

“Yana ce, Baba! Yanar ido! Minti ashirin likita yake yi ya cire ta, har Gwaggon Zisis an yi wa!” Ta buga kantar da tafin hannu har allon ya girgiza. “Tun yaushe ka gane maɓallin ne ya jawo?”

Ya sunkuyar da kai. “Tun ranar da kika nuna mini jan layin.”

“Ka sani. Kana tsaye a nan ka ba mu baya, na kore ta.”

“Na ce gobe zan gaya miki. Kullum sai in ce gobe. Kin ga abin da 'ya'yan Sotiris mai nama suka yi masa da idonsa ya tafi. Suka zaunar da shi gaban talabijin, wai ya huta. Wata takwas muka kai shi makwancinsa. Ni in aka raba ni da kantar nan, Fotini, me ya rage? Gara ki ce ni mai rabon banza ne.”

Ta so ta yi ihu, amma ta rasa a kan wa. Tsohon da tsoro ya rufe wa baki? Zisis da surutunsa? Manhajar da ta yi daidai abin da aka sa ta? Duk inda ta juya fushin sai ya dawo kanta, wurin shafin da ba ta cike ba da safiya ɗayar da ta ce ba ta da ita. Ta shiga ɗakin baya ta rufe ƙofa, ta tsaya gaban teburin Garifaliya, wanda yanzu kwalayen kamfani ke jibge a kai, ta yi kuka mai isarta.

Washegari, karo na farko tun dawowarta, ƙauyuka biyar suka wayi gari babu odar motar burodi. Ta ji labari Garifaliya na aiki a wani sabon shago kusa da tashar mota, na wani mutumin Salonika, can ta nufa. Tun daga kwanar ta hango layi har kan titi. Fuskokin duk ta san su, mutanen layinsu ne. Mitsos na ganinta ya shiga duba wayarsa. Mai shagon ba wawa ba ne, ya kafa teburin a jikin gilashi, masu wucewa na tsayawa kallo, ga Garifaliya cikin sabuwar farar riga tana wurga kwaɓi sama.

Fotini ta jira a ƙofar baya har ƙarfe sha ɗaya. Da matar ta fito tana goge hannu, duk jawabin da ta shirya ya gudu.

“Gwaggo, na yi kuskure.”

“Na sani.”

“Bugatsarki ce ke riƙe da mu. Baba ne yake danna maɓallin burodi a kan komai, don ba ya gani. Ki dawo, don Allah. Zan ƙara miki albashi, zan yi duk abin da kika ce.”

Garifaliya ta jingina da bango, ta numfasa. “Sati uku na yi ina zagaya garin nan. Shekarata hamsin da tara, kowa sai ya kalli hannuna ya kalli furfurata ya ce zai kira ni. Mutumin nan shi kaɗai ya ce in gwada faranti ɗaya. Na sa masa hannu shekara biyu, daidai fanshona. Yanzu in je in ce masa me? 'Yar Lambros ta sake duba kwamfuta?”

Fotini ta haɗiye wannan, don ta cancanta. “Kin san da maganar idonsa?”

“Wa kike zaton ke jera masa farantai wuri ɗaya kullum? Wa ke leƙowa ta ce, ga Mitsos nan, ga matar likita nan, don kada ya ji kunya?”

“To me ya sa ba ki gaya mini ba?”

“Ya rantsar da ni da kabarin uwarki. Maɓallinku kuma ni ban san shi ba, ban taɓa kai hannu wurin ba. Abin da na sani na gaya miki. Na ce ki zo safiya ɗaya ki tsaya a bakin ƙofa.” Ta dubi layin da har yanzu bai ƙare ba. “Ga shi yau kin samu safiyar.”

Babu zafi a muryarta, kuma da ma akwai da ya fi sauƙi. Ta ce a jira ta, ta koma ciki. Can ta fito da ƙunshi mai ɗumi.

“Ta cuku ce, ta gefen faranti, inda ya fi ƙonewa. Ita yake so. Ki kai shi likita cikin satin nan, kada ki saurari gobensa.” Ta miƙa mata. “Ki bi ta gaba ki biya, nan ba a kyauta.”

Fotini ta bi layi a bayan maƙwabtanta, ta biya, yarinyar kantar ta danna wani ɗan akwati a allo irin nasu sak, ta miƙo mata rasit. An rubuta bugatsa, daidai yadda ya kamata.

Da ta tura ƙofar shagonsu, Lambros na zaune bayan kanta shi kaɗai, faranti ɗayan nan na kamfani na gabansa ko yanka ɗaya ba a taɓa ba. Ba ta kai ga yin magana ba ƙamshin ya riga ta. Ya ɗaga kai, ya ja numfashi, sai ga shi ya miƙe zumbur kamar saurayi, yana gyara wuyan riga. Bai dubi inda take ba. Ƙofar ɗakin baya ya fuskanta, fuskarsa ta washe.

“Garifaliya?” ya kira. “Kin dawo?”

Fotini ta ajiye ƙunshin a kan kanta, kusa da hannunsa.

“Sayowa na yi, Baba. Yuro uku da ashirin.”

Ya daɗe yana fuskantar ƙofar nan kafin ya koma ya zauna. Ya lalubo takardar ya buɗe, ya gutsuri gefen da ya ƙone, ya tauna a hankali.

“Ai ba ta yi tsada ba,” ya ce.